Rumbuna a Ƙuryar Ɗaki

A gidan da na tashi, a wani ƙauye da ke gefen Kazaure, ba a sayen abinci. In na faɗa wa 'ya'yana haka dariya suke yi, amma gaskiya ce. Rumbuna biyu ne a tsakar gidan, ɗaya na gero ɗaya na dawa, sai wata tsohuwar randa da ake zuba wake a cuɗe shi da toka. Kakata, wadda duk gidan ke kira Inna, ita ke riƙe da awo. A zaro dami, mata su sussuka su sheƙe, ita kuma ta zauna a kan turmi ta auna na yini. In aka aike ni karɓo wa mahaifiyata nata, na ɗan ƙara tafi guda a ɓoye, sai ta kama hannuna ta mayar, ta ce, "Ke 'yar nan, marka na nan tafe." Ko a tsakiyar kaka, hatsi zube ko'ina, maganarta ke nan. Kan danga da kan rufin ɗaki kullum akwai shanya: kuɓewa, yakuwa, barkono, ganyen kuka. Ni a lokacin duk wannan talauci na ɗauke shi, kuma na ƙudurta a raina in na yi aure a birni ba zan sake ganin shanya ba.

Allah ya cika mini burina. A 2006 aka kawo ni Kano. Maigidana yana tsaya wa wani a shagon atamfa a Kantin Kwari, ba mai kuɗi ba ne, amma mutum ne mai fita haƙƙin iyali. Kowace safiya kafin ya fita zai ajiye kuɗin cefane a kan talabijin, ni kuma in aiki yaro shagon bakin layi. Shinkafa gwangwani kaza, mai na kaza, magi, kayan miya. Abin da aka sayo da safe, kafin dare an cinye shi. Shekara 16 muna haka, ban taɓa ganin aibinsa ba. Ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, ɗan albashina na ankon biki ne da sabulu da takalman yara.

Ya rasu a tsakiyar Janairun 2023. Hawan jini ne, ya faɗi a kasuwa, kwana uku ya yi a asibiti. Ya bar ni da yara huɗu, babbar tana da shekara 15, autan yana da biyar. Rasuwar ta faɗo daidai lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ana kwana a layin banki, masu POS na yanka yadda suka ga dama. Masu zuwa gaisuwa da yawa ba su da tsabar da za su miƙo, sai suka riƙa kawo abin da ya samu, wannan kwanon shinkafa, wancan taliya, wata sabulu. Da wannan muka ci har azumi. Bayan sallah ƙafa ta ɗauke, kamar yadda take ɗaukewa a kowane gidan rasuwa, kuma ban ga laifin kowa ba.

Na fita takaba a ƙarshen watan Mayu. Kwanaki kaɗan bayan nan, ranar 29 ga wata, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya tsaya a wajen rantsuwa ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin sati ya zagayo. Ni ba ni da mota, ba ni da janareta, na ɗauka abin bai shafe ni ba, sai da na ga kuɗin adaidaita zuwa makaranta ya ninka, niƙa ya tashi, ƙullin man da ke isar miyar rana ya koma rabinsa a farashi ɗaya.

Sai na shiga littafin mai shago. Tun maigidana na da rai akwai mutunci tsakaninsu, don haka bai taɓa hana mu ba. Yara su je su karɓo, ya rubuta, ƙarshen wata in rage. Ragewa nake yi, ban taɓa biya duka ba. Wata ranar Laraba a cikin Satumba na aiki babbar 'yata karɓo taliya da mai, ta dawo da robar a hannu ba komai. Ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, ta ce, "Umma, ya ce a gaishe ki, wai in kin samu sarari ki leƙo da kanki." Na gane. Bayan magariba na je. Bawan Allah ko kallon idona bai iya yi ba. Ya ce, "Malama, wallahi ba matsa miki nake yi ba. Mu ma yanzu a kasuwa ba a ba mu kaya sai da kuɗi a hannu." Na ce ya ara mini littafin in kwafe shafina. Bashin ya fi albashina na wata biyu.

Daren nan, bayan yara sun yi barci, na kunna fitilar waya na bi shafin layi-layi. Burodi, ganyen shayi, ƙullin sukari, madara 'yar leda, taliya, magi, gwangwanin shinkafa, sai a sake komawa burodi. Wata huɗu cur, babu abu ɗaya a ciki da ya kwana a gidana. Na ɗauki biro na lissafa kuɗin shinkafar da muka saya gwangwani-gwangwani, na kwatanta da farashin kwano a kasuwa, sai na ga a kan kowane kwano ina biyan ƙarin da zai sayi kayan miyar yini. Karin kumallo kaɗai, shayi da burodin da kafin ƙarfe 10 yara sun fara hamma, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na bashin. Ban yi kuka ba a daren. Kunya ce ta kama ni, irin ta wanda aka daɗe ana zare masa kuɗi daga aljihu sai ya waiga ya ga hannunsa ne.

Amma bari in faɗi wata magana saboda masu saurin ba da shawara. Kowa ya iya cewa "ki riƙa saye da yawa, ya fi sauƙi." Mai hannu baka hannu ƙwarya ya san da haka sarai, kuɗin sayen da yawan ne babu. Talaka na sayen tsada ne don ba shi da ƙarfin sayen araha. Ni ma da ba ni da abin sayarwa, da har yau ina cikin littafin nan. Firij na sayar, wanda dama rabonsa da sanyi ya daɗe saboda rashin wuta, sai ɗan kunnen gwal ɗaya da ya rage mini cikin kayan aurena. Ranar da aka zo ɗaukar firijin, autana ya riƙe ƙofarsa yana kuka, don babansa ne ya sayo shi. Na rage rabin bashin shago, sauran na ƙulle a gefen zani na ce ko wuta ake yi ba zan taɓa ba sai kaka.

A watan Nuwamba na tafi gida ranar kasuwa. Inna ta daɗe da rasuwa, rumbunan ma ɗaya ya rushe, amma Gwaggona na nan. Na sayi gero kwano 10, dawa 10, wake 8, waken suya 5, na haɗa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Masara kuwa na ga wata sabuwa fara tas, mai ita ya sauke mini farashi, na yi wuf na auni kwano 20 ba tare da na jira Gwaggo ba. Na kawo gida na jingina buhun da bango a kan siminti, na ɗaure bakinsa tam, ina jin kaina kamar wadda ta gama da duniya.

Bayan sati uku na fara jin wani wari a ƙuryar ɗaki. Da na kwance buhun na zura hannu, cikinsa da ɗumi. Na zazzage a tabarma, sai ga ƙasan ya dunƙule, fumfuna kore da baƙi ta kama kusan rabi. Masarar ba ta gama bushewa ba, shi ya sa aka sauke mini. Na zauna a gaban tabarmar nan ina kallon ɗan kunnena ya zama ruɓa. Zuciyata ta ce in wanke, in shanya, in kai inji, wa zai sani? Har na ɗebo ruwa. Maƙwabciyata da ke aikin jinya ta shigo ta gani, ta ce, "Maman yara, kada ki soma. Irin wannan fumfunar hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe dafinta." Na tsince mai kyau, sauran na zubar. Wannan karon na yi kuka, har yaran suka tsorata. Da na kira Gwaggo a waya ko jaje ba ta yi mini ba. Cewa ta yi, "Ke da kika tashi gaban Inna? Ba ki ciza ba?" Sai a lokacin na tuna yadda Inna ke jefa ƙwaya a baki kafin ta yarda a zuba hatsi a rumbu. Busasshiya ƙas take fashewa a haƙori. Mai danshi lotsawa take yi.

Daga nan na daina jin kunyar tambaya. Komai na sayo sai ya sha rana kwana biyu ko uku. Buhu ba ya taɓa ƙasa, na samo katako na ɗora, na bar tazara tsakaninsa da bango. Wake kuwa, da ƙwari ke gamawa da shi cikin wata biyu, jarkar man gyaɗa na wanke ta bushe sarai, na cika ta har wuya, na sa leda a baki na murɗe murfin. In iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki mutuwa yake yi, ƙwansa ma ba ya yin komai. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa kullum, don haka na kan ɗebi na sati biyu a roba in sake rufewa. Maganin ƙwarin da wasu ke barbaɗawa a cikin abinci ban taɓa yarda da shi ba, abin da 'ya'yana za su ci ne.

Da sanyi ya shigo, tumatirin Kura da Kadawa ya cika gari. Muka haɗa kuɗi mu uku a layinmu muka je 'Yankaba da yamma, lokacin da masu kaya ke son rabuwa da abin da ya fara laushi. Kwando muka raba. Na zauna da 'yan matana biyu muka yanka shi fale-fale, muka shimfiɗa a tabarma a kan rufin banɗaki, iskar hunturu ta yi aikinta. Haka na yi wa tattasai da attaruhu. Ina cikin juya shanyar wata rana sai na kama kaina ina dariya ni kaɗai: ga ni a birni, a tsakiyar Kano, ina yin abin da na rantse ba zan yi ba. Da damina ta kusa, tumatir ya yi tsadar da aka riƙa sayar da shi da ƙirge, ni jiƙa kauɗata nake yi in kai markaɗe. Miyar ba ta kai ta ɗanye ja ba, amma da albasa da daddawa babu wanda ya taɓa barin kwano.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan abincin da ke cikin kwanon masara ɗaya. In aka surfa, dusar na sayar wa mai awaki a bayan layinmu, kuɗin ya rage mini na niƙa. In aka ɓarza, tsakin ya yi fate da yakuwa da ɗan dakakken gyaɗa, ko dambu da zogalen da na shuka a jikin katanga. Garin ya yi tuwon dare, a tuƙa da ɗan yawa don a samu ɗumame da safe. Ƙanzon gindin tukunya ma ba na jiƙa shi in zubar kamar da. Ɓamɓarowa nake yi in shanya, in ya taru a jiƙa shi ya yi laushi, a kwaɗanta da garin ƙuli da albasa da yaji. Gero ya zama koko da kunun tsamiya, ya maye gurbin shayi. Wake in jiƙa shi tun dare, in sa 'yar kanwa, gawayin da zai dafa shi ya ragu sosai. In na haɗa garinsa da na rogo da kuka, ɗanwaken da zai ƙosar da mu biyar ba ya cin mai sai cokali kaɗan. Nama sai ranar Juma'a, shi ma ƙashi ne nake karɓowa wajen mahauci don miyar kuka ta yi ƙamshi. Waken suya shi ne naman sauran kwanakin. Babbar 'yata ta koyi awara, daga markaɗe da tacewa har zuba ruwan tsami da matsewa a ƙyalle, ta riƙa soyawa a ƙofar gida bayan la'asar. Ribar ba ta da yawa, amma ita ke sayen gawayi.

Kada wani ya ɗauka yaran sun karɓi abin da murna. Na ukun, namiji, ya taɓa ture kwano ya ce, "Umma, kullum tuwo? Da Abba na nan da ba haka ba." Hannuna ya ɗaga zan mare shi, sai na ga gaskiya ya faɗa, na sauke. Na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba. Tun daga ranar na ware kwana ɗaya a sati na shinkafa, ko ta halin ƙaƙa. A farkon 2024 buhun shinkafa ya haura naira dubu 70, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar dubu 30 ne, nawa ma bai kai haka ba. Sai na koma afafata, ragowar nan ta injin casa da a da masu kiwon kifi ke saye. Karyayya ce, ga baƙi, ga tsakuwa, sai an zauna an tsince an rege ta sau uku. Ranar da na fara sayenta, can wata kasuwa da ba a san ni ba na je, na cusa ledar cikin hijabi. A wajen awon na ɗaga kai sai ga matar wani babban ma'aikaci na unguwarmu, ita ma da tata ledar. Muka gaisa, muka tambayi yara, babu wadda ta kalli hannun 'yar'uwarta. Na dafa ta da wake, garau-garau da mai da yaji, yaron nan ya ci har ya nemi ƙari.

A watannin nan ne ake ta maganar masu ɓoye abinci a rediyo, ana ambaton manyan ɗakunan ajiya na Dawanau, ana tsine wa masu jiran kaya ya yi tsada. Sai abin ya fara damuna. Ga ni da jarkoki a ƙurya, ga maƙwabta da na san wata rana ba sa ɗora tukunya. Na tambayi malamin Islamiyyarmu bayan karatu, na ce, "Allah gafarta Malam, abin da nake yi ba ya cikin ɓoyon da aka hana?" Ya ce wanda aka hana shi ne mai tara abinci don ya ƙuntata wa jama'a ya sayar da tsada. Tanadin iyali daban ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ajiye wa iyalansa abincin shekara. Ya kuma tuna mini shawarar Annabi Yusuf ga mutanen Masar, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Ina jin haka na tuna damman geron Inna. Amma ya ƙara da cewa in tuna haƙƙin maƙwabci. Daga ranar, duk awon da na yi sai na cire gwangwani ɗaya na zuba a wata tsohuwar fanteka. In yaro ya yi sallama ya ce an ce a sammana gari, daga nan nake ɗiba. In fantekar ta ƙare, in ce babu, kuma ba na buɗe jarka. Wannan "babu" ɗin ta yi mini wuyar koyo fiye da komai, har yau akwai 'yar'uwar da ke gaishe ni sama-sama saboda ita.

Ranar 1 ga Agustan 2024 aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice a Kano, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Shaguna a rufe, injin niƙa a rufe, kuma tsakiyar marka ce. Na rufe ƙofa na duba ƙurya: akwai garin dawa na kwana biyar, akwai wake, kuka, kauɗa, rabin kwalbar manja. Na zauna a bakin gado na daɗe ina kallonsu. Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa, sai ga yarinyar mai shagonmu da 'yar roba. Ta ce, "Wai in ji Mama, in kina da garin tuwo ki ara mata, namu ya ƙare kuma an hana zuwa inji." Na cika mata robar na ɗora ƙullin kuka a kai. Lokacin saura kaɗan in gama biyan babanta.

Ba kullum lissafin ke fita ba. A kakar 2024 na yi adashi na sayi hatsi da yawa, ina tsoron tashin da ya yi bara, sai ga shi a 2025 farashi ya yi ta sauka, har manoma na kuka. Dawar da na ajiye, da na jira da na same ta ƙasa da yadda na saya. Na ji zafin abin, don kuɗin makarantar yara na matse na yi awon. Duk da haka bana ma na saya, sai dai na rage, na wata huɗu maimakon na shekara. Akwai kuma watan da autana ya kwanta da zazzaɓi, kuɗin magani ya cinye na mai da na gawayi, muka yi kwana tara muna cin abinci fari da itacen da yara suka tsinto. Hatsi a ɗaki ba ya biyan kuɗin haya, ba ya sayen allura.

Firij ban sake saya ba. A gurbinsa jarkoki shida ne a jere, kowace na rubuta abin da ke ciki da watan da na rufe ta. Babbar 'yata ta gama sakandare, ƙanwarta ce ta gaji kaskon awara. Satin da ya wuce muka je awo tare da babbar. Mai masara ya buɗe buhu ya ce, "Hajiya, wannan ta bushe ƙarau, ko ba ki duba ba." Kafin in miƙa hannu yarinyar ta riga ni, ta ɗauki ƙwaya biyu ta jefa a baki, ta tauna, ta furzar a tafinta ta duba. Ta ce, "Umma, mu ƙara gaba."